JINYAR ƊAKA MA KARATU CE

'Yan'uwana mata, 'yan mata da matan aure, musamman na ƙasar Yauri, tun daga Yelwa da Birnin Yauri har Shanga da Wara da gungunan da ke tsakiyar ruwa. Yau magana ce da ni a kan 'ya'yanmu da ƙannenmu masu karatun nas, kuma na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. To amma ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, in ba mu faɗa ba babu mai faɗa mana.

Maganar ita ce, ana koya wa ɗaliban nas jinyar kwana bakwai, mu kuwa jinyar shekara bakwai ce take cinye mu a cikin ɗaka.

Kowacce a cikinku ta san yadda abin yake. Hawan jini ya kayar da tsoho, ɓarin jiki ya shanye, a kwashe shi sai asibiti. A yi allura, a yi ƙarin ruwa, bayan 'yan kwanaki a ce an sallame ku, ku je gida ku ci gaba da ba shi magani. Shi ke nan, asibiti ta gama nata. Daga ranar nan wa zai ɗaga shi, wa zai wanke shi, wa zai ba shi abinci a baki, wa zai kwashe abin da ya yi a kwance? Ke ce, matar ɗansa, ko matarsa da ita ma tsufan ya kama ta, ko kuma 'yar auta da za a tsayar da zuwanta makaranta. An ɗora miki aikin nas dare da rana, alhali ko na minti biyar ba wanda ya taɓa nuna miki yadda ake yi.

Kuma kada ku ɗauka abin raguwa zai yi. A 1968 aka gama madatsar ruwa ta Kainji, ruwa ya cinye garuruwa da gungu da dama, aka tayar da mutane sama da 40,000 aka sake musu matsuguni. Yaron da yake ɗan shekara 10 a lokacin, wanda ya taya uwarsa ɗaukar tukwane zuwa sabon gari, yau ya doshi saba'in. Su ne iyayenmu da surukanmu, su ne yanzu hawan jini da ciwon suga da ciwon gwiwa da makanta suke kwantarwa ɗaya bayan ɗaya.

To ina ɗaliban nas ɗinmu suke koyon aiki? Yarinya ta tashi daga Yauri, ta bi ta Koko da Jega ta tafi Birnin Kebbi, ta yi shekara 3 ko fiye tana karatu, ana kai ta manyan asibitoci irin su Asibitin Sir Yahaya. A can za ta ga tiyata, ta ga haihuwa, ta ga waɗanda suka yi hatsarin mota. Duk wannan ilimi ne mai kyau, ban raina shi ba. Ana kuma tura su karkara na ɗan lokaci su ga rigakafi da awon ciki. Amma majinyacin asibiti baƙo ne, yau yana nan, jibi ya warke ko an sallame shi ko ya riga mu gidan gaskiya. Yaushe ɗaliba za ta ga abin da kwanciyar wata shida take yi wa jikin ɗan Adam? Wannan sai an bi mutum ɗaya mako da makonni, kuma mutumin nan yana can ƙuryar ɗakinki a kan tabarma.

Bari in ba ku misali da gyambon kwanciya. Idan mutum ya daɗe kwance a gefe ɗaya, nauyin jikinsa yana danne fata a kan ƙashi, jini ya kasa zagayawa a wurin, sai naman ya fara mutuwa. Ya fi kama ƙasan gadon baya da ƙugu da diddige da kafaɗa. Da fari wurin zai canja launi ne kawai, ya yi duhu ko ya yi zafi, in an bar shi sai ya fashe, ya yi rami, ya yi wari, har ya iya zama ajalin mutum. Rigakafinsa kuwa ba na kuɗi ba ne: a riƙa juya majinyaci kamar duk bayan awa 2, a sa matashi tsakanin gwiwoyinsa, a ɗage diddigensa daga katifa, kada a bar shi cikin lema. Na taɓa shiga dubiya wani gida na tarar da baiwar Allah tana barbaɗa toka a irin wannan gyambo tana kuka, ita a ganinta sammu aka yi wa surukarta. Wallahi ba mugunta ba ce, ta fi kowa wahala a gidan. Rashin wanda zai nuna mata ne.

Haka maganar abinci. Mai shanyewar ɓarin jiki sau da yawa haɗiya tana yi masa wuya. In aka ɗura masa kunu yana kwance, sai ya ƙware, kunun ya bi ta hanyar numfashi ya sauka a huhu, bayan kwana biyu zazzaɓi da tari su taso, a ce ai sanyi ne ya kama shi. Alhali da an zaunar da shi, an ba shi da cokali kaɗan-kaɗan, an bar shi a zaune na ɗan lokaci bayan ya gama, da an tsira. Haka hannu da ƙafar da suka shanye, in ba a motsa su kullum sai su ƙage. Haka tsohuwar da rikicin tsufa ya kama, tana kiran matattu tana fita da dare, ciwo ne na ƙwaƙwalwa, amma sai ka ji unguwa ta ɗauka wai mayya ce. Subhanallahi! Matar da ta goya ku, yau ita ce mayya?

Yanzu bari in zo kan masu musu. Wasu za su ce ai wannan tsarin Turawa ne, su ne suke da gidajen ajiye tsofaffi, mu ba ma kai iyayenmu can. Gaskiya ne, a Amurka da Ingila akwai irin waɗannan gidaje, kuma ana tura ɗaliban nas su koyi aiki a cikinsu. Jamus ta kafa inshorar doguwar jinya a 1995, Japan ta bi baya a 2000. Ni ban ce a gina mana gidan ajiye tsofaffi a Yelwa ba, Allah ya kiyaye. Amma tunda mun zaɓi mu riƙe iyayenmu a gida, ashe ba gidan ya kamata ilimin ya biyo su ba? Ko riƙon namu na baki ne, a ajiye tsoho a ɗakin baya yana ruɓewa, mu fita muna alfahari mun fi Turawa zumunci?

Wasu kuma, har da ɗaliban kansu, za su ce wankin kashi da fitsari ba aikin nas ba ne, aikin 'yan'uwan majinyaci ne. Haba ƙanwata! Farar riga da allura ne kawai suka kai ki makaranta? Ai ga shi nan nas-nas ɗin ƙasar nan suna ta tafiya Ingila, kuma da yawa a cikinsu tsofaffin can suke wa wannan hidima ana biyan su. Abin da ya zama sana'ar daraja a Landan, don me zai zama ƙazanta a Zamare? Rufaida al-Aslamiyya, wadda ta kafa tanti a Madina tana jinyar masu rauni tun zamanin Manzon Allah (SAW), da hannunta ta yi aikin.

Masu cewa hanya ba kyau, ruwa kuma da hatsari, su kam suna da hujja. Ba mu manta da jirgin da ya nutse kusa da Wara a watan Mayu na 2021 ba. Saboda haka a fara da cikin garin Yelwa da Shanga da Wara, in za a tsallaka gungu a ba su rigar ruwa, kada a loda su a jirgin da ya cika.

Abin da nake kira gare shi ba mai wuya ba ne. Hukumar da ke kula da karatun nas da ungozoma ta ƙasa, da makarantun jiharmu, su sa doguwar jinya cikin aikin da dole ɗaliba ta yi kafin ta karɓi takarda. A haɗa ta da Babban Asibitin Yauri ko ƙananan asibitocin Ngaski da Shanga, a ba ta majinyaci ɗaya ko biyu a gidajensu, ta riƙa zuwa har tsawon makonni, malamarta tana bin sawunta tana ba ta maki. A biya mata kuɗin mota. Kuma kada a mai da ita baiwa, koyo ta zo yi da koyarwa. Tun a 2018 aka sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa, to mu dai muna son mu ga amfanin irin wannan doka a ƙofar ɗakinmu.

Mu ma mata da namu aikin. Ranar da za a sallami majinyacinki, kada kunya ta hana ki cewa, "Malama, don Allah nuna mini yadda zan juya shi ba tare da na karya bayana ba." In akwai ɗalibar nas a dangi ko a maƙwabta ta zo hutu, kira ta ta duba bayan Inna. Ku kuma roƙi mazajenku su buɗe ƙofa, mace ce za ta shigo wurin mace, ba abin ɓoyo a ciki. Mai ɓoye ciwonsa, ciwo ne zai tona shi.

Ke kuma ɗaliba, ki tuna ƙuruciya ba ta dawwama. Hannun da kika koya wa tausayi yau, irinsa ne zai juya ki gobe.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba masu zaman jinya haƙuri da lada, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.