Dirin Daji Da Ƙasar Da Ba Ta San Yawan Mutanenta Ba

Duk ɗalibin sakandare a Dirin Daji, hedikwatar ƙaramar hukumar Sakaba a jihar Kebbi, zai iya zayyano bayanan Najeriya a ka: jamhuriyar tarayya mai jihohi 36 da Abuja, ƙananan hukumomi 774, harsuna sama da 500, tattalin arziƙin da ya jingina da man fetur da noma. Da an zo kan yawan jama'a kuwa, sai a koma kintace. Ana cewa an haura miliyan 200, amma rabon da a ƙirga 'yan ƙasar nan tun shekarar 2006, lokacin da aka samu mutum miliyan 140 da 'yan kai. Ƙidayar da aka shirya yi a watan Mayun 2023, gwamnatin Muhammadu Buhari ta ɗage ta ana saura kwanaki kaɗan a fara.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce ga wuri irin Sakaba, wadda ƙidayar 2006 ta ba mutum kusan dubu 90. Ƙananan hukumomi na samun kashi 20.6 cikin ɗari na kuɗin asusun tarayya, kuma yawan jama'a na cikin ma'aunan da ake raba shi da su. Wato da tsohon adadi ake auna rabon Sakaba, alhali jaririn da aka haifa a shekarar da aka yi ƙidayar ya isa kaɗa ƙuri'a. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Hukuncin ya yi daidai, sai dai ko an bi shi sau da ƙafa, ma'aunin rabon yana nan yadda yake.

Ga kuma 'yan bindiga da suka birkita zaman ƙasar Zuru. A watan Maris na 2022 an kashe 'yan sa-kai sama da 60 a wani kwanton ɓauna a yankin Sakaba. Ƙauyuka sun watse, manoman dawa da masara sun bar gonakinsu sun koma garuruwa. Ajin firamare da asibitin da aka gina da tsohon lissafi su ne ke ɗaukar wannan nauyi yanzu.

Batun harshe ya fi ban takaici. Sashe na 55 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ambaci Ingilishi da Hausa da Ibo da Yarbanci a matsayin harsunan Majalisar Tarayya. Amma a masarautar Zuru, wadda ta haɗa Zuru da Fakai da Danko-Wasagu da Sakaba, ana magana da C'lela na Dakarkari, da Fakkanci, da Dukkanci, da Kambarci, da Cicipu na Acipawa, ban da Fulatanci. Hausa ce harshen kasuwa, kuma tana ƙara shiga cikin gidaje. Ƙidayar 2006 ba ta tambayi kowa ƙabilarsa ko addininsa ba, don gudun rigima. Tsoron yana da tushe, tunda rikicin alƙaluma ne ya sa aka soke ƙidayar 1973 ɗungurungum. Amma sakamakonsa shi ne, mai tsara littafin firamare a Birnin Kebbi ba shi da alƙaluman ƙidaya da za su nuna masa yawan yaran da ke shiga aji ɗaya da Cicipu ko C'lela a bakinsu.

Ya kamata gwamnatin tarayya ta tsayar da ranar ƙidaya ta kuma cika alkawari, sannan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta sa tambayar harshen da ake yi a gida. Ɗan majalisar wakilai na mazaɓar Zuru/Fakai/Danko-Wasagu/Sakaba da sanatan Kebbi ta Kudu su ne ya kamata su fi kowa matsa lamba. Su nemi a bayyana tun yanzu yadda za a ƙirga waɗanda suka yi gudun hijira: a ƙauyen da suka baro, ko a garin da suka sauka? Su kuma nemi a tanadi tsaro ga ma'aikatan da za su shiga ƙauyukan da ke bayan Dirin Daji, don kada a zauna a hedikwata a cika takardu.