Rana da Gubar da ke cikin Ruwa

Ba kowane ruwa garau ne lafiyayye ba. Mutanen Tibiri, a gundumar Gidan Rumji, sun shaida haka. Ruwan famfon da suka fara sha a 1985 yana ɗauke da sinadarin fulor fiye da kima, har ya lanƙwasa ƙasusuwan yara da dama.

Yau kuma akwai wata guba da ido ba ya gani, wato maganin ƙwari da ake fesa wa wake da kayan lambu a Gulbin Maraɗi, da Gulbin Kaba wajen Agye da Gazawa. Ruwan sama yakan wanke shi zuwa tabkuna da gajerun rijiyoyi. Shanya ruwa awa 6 a rana cikin kwalbar roba yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya kawar da wannan guba.

Masana na neman mafita. A 2004, a Ingila, an ɓanɓaro wani falle mai suna girafin daga irin baƙin da ke cikin fensir. Ya fi gashin kai siranta sau dubbai. Yanzu ana ƙera fallaye irinsa waɗanda, in rana ta haska su cikin ruwa, suke farfasa maganin ƙwari har ya daina cutarwa. Sai dai yawancin aikin yana ɗakunan gwaji, kuma wannan dabara ba ta cire fulor.

Kafin ta iso gare mu, rigakafi yana hannunka. Kada ka wanke famfon feshi a bakin rijiya. Kada ka zuba ruwan sha cikin galan ɗin da aka sa magani, ko da an wanke shi.