Ba a Nikiya Aka Haifi Triniti Ba

Na gaji da masu cewa wai Sarki Kwanstantin ne ya ƙago Triniti a taron Nikiya na shekarar 325. To, ku gaya mini, wa ya koya wa Tartuliyan na Kartaj wannan kalma, shi da ya rubuta ta fiye da shekara 100 kafin taron? Nikiya ba ta kawo sabon wahayi ba. Gardamar Ariyus ta yanke, mai cewa Almasihu halitta ne. Mu Kirista ba mu ce alloli uku ba, Allah ɗaya muka ce: Uba, Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Wanda zai ƙi, ya ƙi abin da muka faɗa, ba abin da ya laƙa mana ba.