Malam, Bulala Ba Ta Warkar da Damuwa

Malam, ka rubuta cewa kai masu ba da shawara makarantun Jigawa kwaikwayon Turawa ne, wai bulala da nasiha sun isa. Haba Malam! Yarinyar da ta daina magana a makarantar kwana, ko yaron da ya fara kwankwaɗar kodin a bayan aji, bulala nawa za ka yi musu su warke?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin matsalolin lafiyar ƙwaƙwalwa suna farawa ne kafin shekara 14, wato ɗan ƙaramar sakandare. Gwamnatin Tarayya ta hana maganin tari mai kodin tun 2018, amma ba a magance abin da ke tura yara gare shi ba.

Asibitin masu taɓin hankali na jihar yana Kazaure. Uba daga Kiyawa ko Birnin Kudu ba zai ɗauki ɗansa zuwa can ba sai abu ya ƙazanta, ga kuɗin mota, ga tsoron a ce ɗansa ya haukace. Addu'a kam muna yi, ba mu daina ba. Abin da muke nema kawai: malami ɗaya horarre a kowace sakandare, wanda zai gane alamun da wuri ya tura yaro Asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse.