A ba masu zanen Damargu bango

Duk wanda ya bi hanyar Damagaram zuwa Tanut, ko ya ratse yamma ya nufo mu nan Belbeji, in ya lura da bangayen da aka yi wa fenti zai ga kusan dukkansu saƙon wasu suke ɗauke da shi. Bangon lakwal, tambarin ƙungiyar da ta gina aji. Jikin tankin ruwa, sunan porje da shekarar zuwansa, da Faransanci. Shagunan bakin kasuwa kuwa kamfanonin waya sun raba su, kowa ya shafe nasa da launinsa. Aji da ruwa alheri ne, kuma wanda ya yi alheri ba laifi ya sa sunansa. Abin da ke damuna shi ne a duk faɗin ƙaramar hukumar Tarka da wuya ka sami bangon jama'a guda da aka miƙa wa ɗan ƙasa aka ce masa: zana mana abin da ka san namu ne. Alhali masu hannun suna nan da ransu, sana'ar ce ke mutuwa a hannunsu muna kallo.

Akwai wani dattijo da nakan zauna wurinsa ran kasuwa. A tashar Damagaram ya koyi aikin, yana yaron masu ƙawata jikin manyan motoci. Kayan aikinsa duka buhu ɗaya ya ɗauke su: gwangwanayen tumatir da yake dama fenti a ciki, kwalbar kananzir ta wanke buroshi, zare, gawayi, da wata ƴar sanda da yake ɗora hannu a kai don kada ya yi rawa. Kafin ya taɓa fenti sai ya turbuɗa zaren nan cikin garin bula, yaronsa ya riƙe can, shi ya riƙe nan, ya ɗaga tsakiya ya saki, layi ya fito a bango ɗoɗar. Daga nan sai gawayi. Na ga ranar da mai sayar da maganin dabbobi ya sa shi ya zana masa raƙumi a gaban shago. Bai kai ga ƙafafu ba makiyaya suka yi masa zobe. Wani saurayin Buzu ya sassauta rawani ya ce, "Baba, ai wannan wuyan taguwa ne, kai kuwa amale ka ce za ka yi." Dattijon ya miƙa masa gawayin ya ce, "To ɗana, zo ka nuna mini inda kaurin yake farawa." Aka goge, aka sake. Har yau mutanen daji da wannan raƙumin suke yi wa juna kwatancen shagon.

Yanzu mai shago ya gwammace ya aika Damagaram ko Kano a bugo masa ledar talla da inji. Ta fi sauri, wani lokacin ta fi araha, ban musa ba. Amma a dubi abin da ke jikinta. Yaron da ya haɗa ta a kwamfuta daga intanet ya kwaso hotunan, shi ya sa za ka ga saniyar Turai dabbare-dabbare a ƙofar shagon da masu shigarsa jar saniyar Bororo mai dogon ƙaho da Azawak suke kiwo. Ba uda, ba balami, ba jar akuya. Rana ta ci launin kafin shekara ta zagayo, iskar bazara ta yaga ta, ƙarshenta ta koma bola. Kuɗin kuma ya bar garin, ba sisin da ya shiga aljihun ɗan Belbeji.

Mu ba baƙin adon bango ba ne. Wanda ya taɓa shiga unguwar Birni a Damagaram ya ga shaida. Tun zamanin Sarki Tanimu, a tsakiyar ƙarni na 19, lokacin da garin ya zama babbar mahaɗar ayarin Tarabulus da Kano, fada da gidajen attajirai suka samu irin ginin da ake zuwa kallo har gobe. Magini kan yaɓe fuskar zaure, tun yaɓen yana ɗanye ya bi shi da hannu yana fitar da dagi da sauran zayyana, a sama ga zankwaye, a bi da makuba don ruwa. Daga baya aka shigo da launi. A Zariya ma, da zamani ya kawo keke da mota, magina ba su tsaya jiran izini ba, suka sa su a fuskar gida kusa da dagin. Wato sana'ar tana tafiya da lokacinta. Damagaram ta riƙe matsayin babban birnin Nijar har 1926 da aka koma Yamai, mulki ya tafi, zanen ya zauna, shi ne kuma abin da baƙo ke fara tambaya.

Mu nan arewa adonmu ya fi zama a kan abin da ake ɗauka a yi gaba: jakar fata, sirdin raƙumi, ƙwaryar da Bafulatana ta sa aka sassaƙa mata, tabarma, azurfar maƙera. Wannan ya dace da mutanen da rabinsu ke bin ruwa da ciyawa. To amma zama ya canja. Tun da Belbeji ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011 ake ta ɗaga gine-ginen siminti, ofis, aji, katanga, kuma duk sun tsaya tsirara ko an lulluɓe su da tambari. Zanen da ke kan sirdi da ƙwarya, wanda robar kasuwa ke kora daga gidajenmu, ga wurin da zai koma nan a fili. Matan da ke dukanci sun fi kowa sanin yadda ja da kore ke zama da juna, kuma ban ga dalilin da zai hana a biya su su tsara, samari su hau tsani su shafa ba.

Na san abin da wasu malamanmu za su ce game da surar mai rai, kuma ban ɗauki maganarsu da wasa ba. Hukunci nasu ne. Amma mafi yawan abin da nake nema bai ma kusanci wurin saɓanin ba. Dagi ba shi da rai. Zayyanar da ake yi wa allon mai saukar Alƙur'ani daga hannun almajirai take fitowa. Zangarniyar gero, rumbu, rijiya da gugarta, taswirar kwarin Tarka, duk ana iya zana su ba tare da an ɓata wa kowa rai ba. Inda kuma ake buƙatar sura don a gane saƙo, kamar bangon likita, sai a zauna da malaman gari a daidaita tun kafin a buɗe gwangwani.

Wasu kuma za su ce ƙasar da ta sha yunwar 1973, ta sha ta 1984, ta sha ta 2005, wadda har yanzu matanta ke sammako neman ruwa, ina ta ga ta fenti? Wannan ita ce hujjar da ta fi nauyi, amsarta kuma mai sauƙi ce: ana sayen fentin tuni. Duk kwangilar aji da kuɗin shafe a cikinta, duk porje da kuɗin allon sanarwa. Magana ita ce wa za a ba, kuma me zai rubuta. Manyanmu da dama a ƙauyuka ba sa karanta Faransanci. A 2025 hukuma ta ayyana Hausa harshen ƙasa, amma bangayenmu ba su ji labari ba. Hoto da Hausa, da ajami, da tifinar inda ake jin Tamajak, sun fi isar da saƙon rigakafi fiye da jimlar da sai malamin lakwal ya fassara. Ku ɗauki rikicin manomi da makiyayi, wanda kowace kaka sai ya taso mana. Burtali yana cikin takardun hukumar filaye a ofis, a cikin durowa. Da an zana taswirarsa babba a katangar kasuwar dabbobi, da rijiyoyi da makiyaya da sunayensu, kowa ya gani da idonsa, da gardamar "ban sani ba" ta ragu.

Wasu ƙasashen sun gwada. A Meziko, bayan juyin juya hali, ministan ilimi José Vasconcelos ya miƙa bangayen gwamnati ga masu zane irin su Diego Rivera tun farkon shekarun 1920, don jama'ar da ba ta iya karatu ta ga tarihinta a tsaye. Na fi son misalin Dakar, don ya fi kusa da aljihunmu. A wajen 1990 samarin unguwanni suka tashi da abin da suka kira Set Setal, suka share tituna, suka kwashe bola, suka cika bangaye da zanen malamansu da gwarzayensu, da kuɗin karo-karo. Samarinmu ma ƙaiƙayin yana hannunsu. Kowace fadar samari sai ta rubuta sunanta a bangon da take shan shayi a gindinsa, wani da gawayi, wani da ragowar fenti. Aïcha Macky ta nuna wa duniya a fim ɗinta Zinder na 2021 abin da zaman banza ke yi wa samarin unguwar Kara-Kara a Damagaram. Yaron da ya iya fitar da sunan fadarsu da inuwa da ƙawa, rabin sana'a yana hannunsa, maigida kawai ya rasa.

Abin da nake roƙon mahukuntan gari da sarakunanmu bai fi ƙarfinsu ba. A ware katanga ɗaya a tasha, ɗaya a kasuwa, ɗaya a babbar lakwal. A sa a cikin kwangila cewa shafe da rubutu na mai zanen ƙasar nan ne, kuma dole ya ɗauki yara biyu ko uku su koya a ƙarƙashinsa. A biya shi kuɗin gwani, a daina ce masa "a yi don Allah" alhali an biya mai siminti cif. A bar shi ya sa sunansa a ƙasan aikin, da girman da za a iya karantawa daga titi. Sannan a tanadi ɗan abin sabuntawa bayan kowace damina biyu, don ranar Damargu da yashinta ba sa raga wa fenti, kuma dattijon da na ba ku labarinsa ya fara cewa tsani yana yi masa tsawo.