Jiran Gawon Shanu

'Yan'uwana ɗalibai, duk wanda ke raba dare a ɗakin karatu burinsa guda ne: ya gama, ya yi bautar ƙasa, ya sami aiki, ya sauke wa iyaye nauyi. To, akwai wata jarrabawa tana jiranmu a waje wadda babu malamin da ya koya mana ita, wato jarrabawar jira.

Yayana ya gama bautar ƙasa yana da shekara 27. Wata hukumar gwamnati ta yi shelar ɗaukar ma'aikata, ta ce kada mai nema ya wuce shekara 30. Ya yi kwana biyu yana sintiri a shagon intanet kafin ya samu ya cike fom. Bayan wata bakwai aka kira su jarrabawar kwamfuta. Bayan wata biyar kuma aka ce su hallara don tantance takardu. Mahaifiyarmu ta sayar da tunkiyarta ta ba shi kuɗin mota, ya je ya kwana a masallacin tasha, rungume da takardar shaidar ƙaramar hukuma da ta haihuwa. Aka yi gwajin lafiya, aka yi ganawa, aka ce kowa ya koma gida zai ji saƙo. Tun daga ranar shiru kake ji, kamar an aiki bawa garinsu. Har wata makarantar kuɗi ta neme shi koyarwa ya ƙi, don gudun kada kira ya zo ya tarar ya ɗaure kansa. Yau ya haura 30. Ba a ce an ɗauke shi ba, ba a ce an ƙi shi ba, amma duk shelar da za ta fito nan gaba ta riga ta rufe masa ƙofa.

In ka yi magana sai a ce ai masu nema ne suka yi yawa. Gaskiya ne, suna da yawa. Ba mu manta da ranar 15 ga Maris, 2014 ba, ranar da Hukumar Shige da Fice ta tara dubun dubatar matasa a filayen wasa, bayan kowane ya biya naira 1,000, alhali guraben ba su kai 5,000 ba. Mutane fiye da 15 suka rasu a turmutsitsi a Abuja da Minna da Fatakwal da Benin. Amma yawa ba hujjar jinkiri ba ne. Hukumar JAMB takan yi wa ɗalibai fiye da miliyan ɗaya da rabi jarrabawa, cikin 'yan makonni kowa ya ga sakamakonsa. Ashe ƙasar da ta iya wannan za ta kasa gaya wa mutum dubu ashirin matsayinsu cikin shekara biyu?

Ni dai ra'ayina shi ne, ruwa ba ya tsami banza. Jinkirin nan shi ne labulen da ake cin kasuwa a bayansa. Muddin ba a fitar da sunaye ba, gurbi yana nan a hannu, ana jiran takardar sanata ko ta basarake, ko kuwa mai kuɗi a hannu. Ba zargi kawai nake yi ba. A 2023 Majalisar Wakilai ta kafa kwamitin binciken cinikin guraben aiki, mutane suka tsaya gabansa suka shaida cewa sun biya naira miliyan ɗaya ko fiye don a ba su aiki. Abin takaici, sunan da ya fi fitowa a zaman shi ne na Hukumar Raba Daidai, wadda aka kafa musamman don kada a danne kowa.

Ku kuwa yayyenmu da kuka shiga ofis kwanan nan, fayilolin nan a kan teburanku suke kwana. Jiya-jiya kuna cikin layi, rana tana dukanku. Kada sanyin ofis ya sa ku manta cewa kowane fayil mutum ne, wani ma an ɗaga aurensa sau biyu saboda ku.

Abin da nake roƙon Ƙungiyar Ɗalibai ta rubuta wa Majalisa a kai ba shi da wuya. Duk hukumar da ta yi shela, ta faɗi adadin guraben da ranar da za ta fitar da sunaye, kada ya wuce wata shida. Wanda bai dace ba a aika masa da saƙon waya, wanda bai kai kuɗin ƙosai ba, ya san inda dare ya yi masa. In an wuce ranar, shugaban hukumar ya zo gaban Majalisa ya yi bayani. Yayana dai har yanzu ba ya kashe wayarsa, ko da zai shiga masallaci sai dai ya rage mata ƙara.