Layin wayarka ya fi wayar kanta daraja

Ɗan kasuwar Bagudo da ke safara tsakanin Tsamiya da Segbana ta Jamhuriyar Benin yana kaffa-kaffa da naira da sefar da ke aljihunsa, amma ya bar layin wayarsa ba kulle. Wannan ganganci ne. Duk wanda ya tsinci layinka zai iya danna *565*0# ya ga lambar BVN ɗinka, ya ci bashi da sunanka a manhajojin intanet.

Ka sa wa layinka lambar sirri yau. Wanda ya kira da sunan banki yana neman lambar da aka turo maka, ɓarawo ne, ka katse kiran. Idan wayarka ta ɓace, rufe layi da asusu kafin ka fara cigiya.